Baƙin bazara: Lokaci ya yi da Katsina za ta ɗaga kai ta dubi tsuntsayenta

Da sanyin safiya a watan Afrilu, tsakanin sallame sallar asuba da lokacin da rana za ta fara dukan ƙasa, birnin Katsina na tsuntsaye ne. Masu shayi na hura wuta, 'yan lambu a bakin rafin Ginzo na ban-ruwa, rassan itatuwa kuma sun kacame da hayaniya.

A cikin masu hayaniyar akwai kurciya da hasbiya da hankaka da balbela, 'yan gari da kowa ya sani. Akwai kuma waɗansu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa, da kyar suka kai girman gwara, suna tsalle daga reshe zuwa reshe suna tsintar ƙwari kamar waɗanda aka bai wa wa'adi.

Wa'adin kuwa aka ba su. Nan da 'yan kwanaki za su tashi da daddare su fuskanci arewa, su ratsa hamadar Sahara, su tsallake Bahar Rum, su sauka a Turai su yi sheƙa.

Ba kasafai ake samun mai ɗaga kai ya dube su ba. Wanda ya tsaya ƙarƙashin itace yana leƙen reshe, ko a ce ba shi da aikin yi, ko a ce ya ɗauko ɗabi'ar Turawa. Wannan tunani yana jawo wa garin asara. Kallon tsuntsaye tare da rubuta abin da aka gani na cikin hanyoyi mafi araha na gane lafiyar birni: itatuwansa, ruwansa, da sauran filayen da ba a riga an yanka an sayar ba. Katsina na buƙatar wannan ma'auni, kuma bazara ce lokacinsa.

Mararrabar matafiya

Daga watan Maris zuwa Mayu, ayari biyu ne ke haɗuwa a sararin Katsina.

Ayari na farko masu komawa ne. Sun baro Turai da yammacin Asiya tun wajen Satumba da Oktoba don guje wa sanyi, suka yi hunturu a Afirka. Wani bincike da masana daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta Suwizalan suka fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke shigowa Afirka daga Turai a kowace kaka.

Waɗansu suna tsayawa a nan yankin Sahel. Waɗansu suna zarcewa kudu, kamar tsattsewar Turai da ke kwana da yawan gaske a tsaunukan Boje da ke Jihar Kuros Riba. Idan bazara ta kama, sai kowa ya juyo gida. Daga cikinsu akwai 'yar tsuntsuwar nan mai rawayan ƙirji da ke bin ƙafafun shanu tana kaɗa jela. Makiyayi ya san ta sarai, amma bai cika sanin cewa ƙwanta a Turai za ta saka ba.

Ayari na biyu masu isowa ne daga kudu, kuma jagorarsu ita ce shamuwa. Bahaushe bai taɓa buƙatar wani ya gaya masa ma'anar zuwanta ba. Da an gan ta a kan tsamiya ko kuka, manomi ya san lokacin gyaran gona da fito da iri ya yi. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne inda take zuwa bayan kaka. Tana ƙetare tsakiyar duniya ne zuwa gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda take bin damina da fara. Ruwa na ɗaukewa a can, ta kamo hanyar nan.

Turawa ma sun daɗe cikin duhu kan wannan batu. Har akwai masu cewa tsattsewa na nutsewa cikin taɓon tafki ne ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta. Ta yi tafiyar dubban kilomitoci da shi. Har yau gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock, shaida ce cewa tsuntsayen can da na nan dangi ɗaya ne.

Tashar shan mai ta ƙarshe

Direban da zai kama hanyar Agadas ba ya wasa da tashar mai ta ƙarshe. Haka tsuntsun da zai ratsa Sahara.

Faɗin hamadar daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, kuma babu abinci ko ruwan kirki a tsakani. Man tsuntsu shi ne kitsen jikinsa. Ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 20 ba yakan shafe makonni yana ci ba ƙaƙƙautawa, wani har ya kusa ninka nauyinsa, sannan ya tashi. Mafi yawansu da dare suke tafiya, da rana su laɓe a inuwar dutse ko ta wani ɗan tsiro.

Katsina na cikin zirin ƙarshe na ƙasar da ke da itatuwa da ƙwari kafin a shiga rairayi. Matsalar ita ce tsuntsayen na neman wannan abinci ne a daidai lokacin da ƙasa ta fi bushewa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ciyawa ta ƙone, tafkuna suka ƙafe. Duk itacen da ke da ganye da ƙwari a watan Afrilu, da duk kududdufin da ke riƙe da ruwa, taska ce gare su.

Tsuntsun da bai samu ya ƙoshi a nan ba, ko dai ya makara, ko ya tashi da rabin tanki ya faɗi a hamada.

Darasin shekarar 1969

Mai tambayar amfanin ƙirga tsuntsaye zai sami amsa a abin da ya faru a Birtaniya a bazarar 1969.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin hunturu a yankin Sahel, ciki har da arewacin Najeriya, ya koma Turai ya hayayyafa. A waccan shekara masu sa-kai da ke ƙirga tsuntsaye a gonakin Ingila suka lura cewa sama da kashi biyu bisa uku na wannan tsuntsu bai dawo ba. Aka bincika a gida ba a ga dalili ba. Daga baya aka gano cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968 ne ya hallaka su.

Bayan 'yan shekaru sai ga babban farin 1973, wanda dattawan Katsina da Daura da Maraɗi ba su manta da shi ba. Wato tsuntsaye sun kai labarin farin Turai tun kafin duniya ta farga da halin da mutanen yankin ke shiga.

Abin lura a nan shi ne su wane ne suka gano. Malaman makaranta ne da manoma da 'yan fansho, masu fita da littafi da fensir kowace shekara a wuri guda. Da babu lissafin bara, babu wanda zai san na bana ya ragu.

Tambayar da ta kamata Katsina ta yi wa kanta ita ce: idan shamuwa ta ragu da rabi cikin shekara goma, wa zai iya tabbatarwa? Za a dai ji dattawa na cewa da ta fi haka yawa, matasa na cewa tsufa ne.

Ungulu ta tafi ba sallama

An riga an ga irin wannan. Duk wanda ya kai shekara 40 a Katsina zai tuna lokacin da ungulu ke cika kwata da bayan kasuwa, tana jere a kan katanga tana jiran rabonta. Yau yaro na iya gama firamare bai taɓa ganin ta ido da ido ba, sai dai ya ji ta a karin magana.

A 2015 hukumar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar barazana ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Dalilan sun haɗa da guba, da farautarta don sayar wa masu tsibbu, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai.

Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza, kuma rashinta ma ba ya tafiya a banza. A Indiya, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar daga shekarun 1990. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar ƙarin mutum kusan 500,000 cikin shekara biyar.

Ungulu ta ɓace daga garuruwan arewa a gaban idon kowa, ba tare da an yi ƙararrawa ba, saboda kallonta ake yi kawai, ba a ƙirga ta.

Bedi da gawo

Katsina gari ne na bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Daga Indiya ya samo asali, aka shigo da shi arewacin Najeriya zamanin Turawan mulki, ya kuma yi wa garin rana. Yana jure fari, yana saurin girma, awaki ba su cika damun sa ba, inuwarsa kuma ta ceci majalisu da makarantun allo da masu sana'a bila adadin. Babu mai hankalin da zai ce a sare shi.

Sai dai tsuntsayen da ke cin ƙwari ba sa samun abin kirki a jikinsa. Uwargida da ke zuba ganyen bedi a buhun wake ta san dalili: ɗacinsa korar ƙwari yake yi.

Wasu masana daga ƙasar Holan, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya a ƙasashen Sahel suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa tsuntsaye masu ƙaura sun taru ne a kan 'yan nau'o'in itatuwa kaɗan, galibi masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa. Bedi da itacen turare kuwa kusan fayau suke.

Gawo na da wata baiwa ta daban. Yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Saboda haka a daidai watannin da baƙin tsuntsayen ke nan, shi ne ke tsaye kore shar, cike da fure da tsutsotsi. Manomi ma ya san shi: gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

A nan ne batun ya shafi manufofin gwamnati. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, ana raba dubban tsirrai. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wane iri ake dasawa. Ana iya cika gari da kore, amma koren ya zama kamar kasuwar da babu abinci.

Misalin gyara na nan kusa. A jihar Maraɗi, daga farkon shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututturen da ya tofo a gona, sai a rage masa rassa a bar shi ya girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, kuma gawo na kan gaba a cikinsu. Katsina da Maraɗi 'yan uwa ne na jini da tarihi. Ba abin kunya ba ne a koya daga ɗan uwa.

Filayen da ke ƙarewa

Idan aka ce wurin shaƙatawa, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne lilo da kujerun siminti da mai sayar da lemo. A wajen tsuntsu kuwa, wurin shaƙatawa shi ne duk inda itace da ruwa suka haɗu.

Da wannan ma'auni, Katsina na da sauran arziki. Akwai lambunan da ke wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. Akwai kewayen filin Polo da tsofaffin itatuwan unguwar GRA. Akwai harabar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a kan hanyar Dutsin-Ma, da ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A wajen gari kuma akwai madatsar ruwa ta Ajiwa, inda tsuntsayen ruwa irin su zalɓe da kirinjijiya ke samun wurin sauka.

Sannan akwai kududdufai. An haƙa su ne tun zamanin da ake ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama matattarar ruwan sama. Yau da dama sun zama juji, waɗansu an cike su an yi shaguna da gidaje. Mai cike kududdufi yana ganin ya sami fili. Idan Agusta ta zo, ruwan da ya saba kwanciya a wurin sai ya nemi ɗakin maƙwabci.

Gaskiya ne kududdufin da aka bari da shara matattarar sauro da wari ne. Maganinsa a yashe shi, a hana zuba shara, a kewaye shi da itatuwa. Ramin da ke tare ambaliya da damina shi ne ke shayar da tsuntsu da bazara, shi ne kuma ke rage wa unguwa zafi.

Ganuwar Katsina ta zaizaye ne kaɗan-kaɗan, kowa na ɗibar abin da yake ganin bai taka kara ya karya ba, har aka wayi gari sai ƙofofi da 'yan guntaye. Haka filaye da manyan itatuwa ke tafiya yanzu, fuloti bayan fuloti.

Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Akwai ƙorafin da dole a saurara. Jihar da ke fama da 'yan bindiga, da tsadar abinci, da matasa marasa aikin yi, ina ta ga sukunin kallon tsuntsu?

Ƙorafin na da nauyi, kuma ba wanda ke cewa a ɗebi kuɗin tsaro ko na asibiti a sayo madubin hangen nesa. Amma akwai amsa uku.

Ta farko, matsalar tsaron ce ma ta ƙara wa filayen cikin gari daraja. Dajin Rugu, wanda a da makiyaya da mafarauta da ɗaliban kimiyya ke shiga, ya zama wurin da ba a kusanta. Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa halittu a muhallinsu ba shi da sauran wuri sai harabar makaranta da lambun bayan gari. Idan waɗannan suka tafi, za a yaye ɗaliban nazarin halittu da ba su san tsuntsu ba sai a allo.

Ta biyu, abin da tsuntsu ke nema shi ne abin da talaka ke nema: inuwa, ruwa mai tsabta, iska mai sanyi. Mai kuɗi na da na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Mai tura baro da mai faci a bakin titi itace ne gatansu a watan Afrilu. Unguwar da tsuntsaye suka guje wa, mazaunanta ma a wahale suke.

Ta uku, zukata na buƙatar hutu. Wani bincike na King's College da ke Landan, wanda aka buga a 2022, ya gano cewa gani ko jin kukan tsuntsaye na da alaƙa da samun natsuwar rai da kan ɗauki sa'o'i, har ga masu fama da ciwon damuwa. A garin da labarin safe da na yamma duk na tashin hankali ne, rabin sa'a a gindin itace magani ne da ba a biya.

Manomi ma na da nasa ƙorafin, domin ya san ɓarnar jan-baki a gonar gero da dawa. Sai dai jan-baki ɗan Afirka ne mai cin hatsi, ba ya cikin waɗannan baƙi. Mafi yawan masu ƙaurar da ke bin itatuwa ƙwari suke ci, shamuwa kuma fara da tsutsa ne abincinta. Ma'aikatan gona ne da ba sa karɓar lada.

Wayar hannu ta isa a fara

Ba a buƙatar kayan aiki masu tsada. Ido da kunne da haƙuri su ne jari, sai wayar da ke hannu.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar. A zaɓi wuri guda a riƙa komawa. A zauna shiru, rana a baya. A lura da girman tsuntsu, da siffar bakinsa, da launinsa, da abin da yake yi. A rubuta kwanan wata da wurin da adadin da aka gani. Wanda ba a gane ba, a ɗauki hotonsa ko muryarsa.

Akwai manhajoji na kyauta da ke taimakawa. Merlin na taimakon gane tsuntsu daga hoto, eBird na ajiye lissafi. A Najeriya kuma akwai shirin zana taswirar tsuntsayen ƙasa da cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos ta ƙaddamar a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da kwance. Mai sa-kai zai shafe aƙalla sa'a biyu a gida guda, ya shigar da abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma duk lissafin da ya fito daga Katsina ƙari ne ga sanin inda suke.

Wanda ba ya iya fita ma yana da rabo. Matar aure ko tsoho na iya ajiye kasko da ruwa a inuwar tsakar gida, a riƙa sauya ruwan kullum saboda sauro. Cikin mako guda za a ga baƙin da ba a taɓa sanin suna unguwar ba.

Halin da ake ciki na buƙatar taka-tsantsan. A fita cikin rukuni. A gaida mai lambu a nemi izini. A sanar da mai unguwa. Kada a nuna kyamara wajen gidajen mutane, ko barikin jami'an tsaro, ko filin jirgin sama. Kada a taɓa sheƙa.

Akwai kuma aikin da manhaja ba za ta iya ba. Sunayen tsuntsaye na Hausa na ɓacewa tare da masu su. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen da matashin yau bai taɓa ji ba. Cilakowa, ragon maza, tsanwaka, zalaidu, carki, yautai, alhudahuda: yaro nawa ne a Katsina zai iya nuna uku daga ciki? Matashin da ya zauna da tsohon mafarauci ko makiyayi, ya nuna masa hoto ya rubuta sunan da ya faɗa, ya yi wa harshe hidimar da ta kai ta kimiyya.

Yaron da ke yawo da danƙo a aljihu, shi ya fi kowa sanin inda tsuntsu ke kwana da lokacin da yake sauka shan ruwa. Tsawa ba ta cika raba shi da danƙon ba. A ba shi littafi, a naɗa shi mai ƙirga na ajinsu, a ga abin mamaki.

Abin da ya rage ga masu iko

Buƙatun ba su da tsada.

Wuraren renon tsirrai na gwamnati su ware kaso mai tsoka ga itatuwan gida: gawo, aduwa, bagaruwa, kurna, magarya, tsamiya, kanya, da cediya da durumi masu 'ya'yan da tsuntsaye ke so. Masu ƙaya su tafi gefen makarantu da bakin rafi da bayan gari, masu inuwa su tsaya bakin titi tare da bedi.

Hukumomin tsara birni su yi rajistar kududdufai da manyan itatuwan da suka rage, a san adadinsu, a hana cike su ko sare su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Duk sabuwar unguwar da za a yanka a bar mata fili na itatuwa, a kuma tsare shi daga masu mayar da shi shaguna.

Jami'o'i da kwalejojin garin su ɗauki nauyin ƙirga tsuntsaye a wurare ƙayyadaddu sau biyu a shekara. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya na faɗowa ne a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba, daidai da lokacin tafiya da dawowa. Taken 2025 ma kan birane ne, yadda za a mayar da su wurin zama ga mutum da tsuntsu. Abu mafi sauƙi da za a fara da shi shi ne lissafin sheƙunan shamuwa: unguwa-unguwa, itace-itace, kowace shekara.

Masarauta da malamai na da tasu rawar. Hakimi ko mai unguwa da ya ce kada a taɓa wata tsohuwar tsamiya, ba a taɓa ta. Limamin da ya tunatar da jama'a cewa dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce ga mai shi, ya isar da saƙon da allon talla ba zai isar ba.

Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, garin da ke mutunta baƙo. Waɗannan baƙi sun fi Gobarau daɗewa suna zuwa, kuma ba su taɓa neman masauki ko tuwo ba, sai reshe da ɗan ruwa. Baƙo raɓa ne. Kafin ƙarshen Mayu masu tafiya arewa sun tafi, shamuwa ta gyara sheƙa, hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ko za su tarar da gawo da kududdufi idan sun dawo a Oktoba, ya danganta ne da abin da mutanen garin suka dasa, da abin da suka hana a sare, a daminar da ke tafe.